Sama'ila Mai Lasifika da Tallafin Damisa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Zango ya san muryar Sama'ila Mai Lasifika, ko da bai san fuskarsa ba. Baƙi kan yi mamaki idan aka nuna musu shi, domin muryar ta fi mai ita girma nesa ba kusa ba. Gajere ne siriri, da ɗan gemu a haɓa, kullum hularsa a karkace saboda yawan kara hannu a kunne. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana zagaya gari da ƙauyukan kewaye, da farko a kan baƙin keke, daga baya a kan babur, lasifika ɗaure a gaba, batir a cikin akwatin katako a baya. Shi ke sanar da rasuwa da ɗaurin aure, shi ke cigiyar akuyar da ta ɓata, shi ke faɗin ranar rigakafi da ranar rabon taki.

Ɗan manomi ne, kuma bai taɓa barin noma ba. Ya faɗa sana'ar shela ne a shekarar da muryar tsohon mai shelar gari ta dushe, aka rasa wanda zai sanar da ganin wata, wani ya ce a kira ɗan nan da ake jin kiransa daga gona har cikin gari. Kakar da ta biyo baya ya sayar da gyaɗarsa ya sayo lasifika a Daura.

Yana da ƙa'ida guda wadda ta sa ya bambanta da sauran masu shela: ba ya faɗin abin da bai je ya gani ba. Ya samo ta ne tun farkon aikinsa, ranar da aka aiko masa cewa wani mahauci ya rasu. Ya riga ya ɗaura batir, sai zuciyarsa ta ce ya fara biyawa ta gidan. Ya tarar da mahaucin a zaure yana shan fura. Ashe takwaransa ne na wani ƙauye ya rasu. Daga ranar, ko ɗan gidan ne ya kawo saƙo, sai Sama'ila ya taka ya ga zaman makoki da idonsa. Idan cigiyar dabba ce, sai ya ga turken da igiyar. Mutane suka yi ta ƙorafin yana jinkiri, daga baya suka saba, har ya zama idan labari ya shigo gari tambayar farko ita ce, “Sama'ila ya faɗa?” In ba shi ya faɗa ba, ana jira. Bai tara dukiya ba. Abin da ya tara shi ne wannan tambayar.

Mutum ɗaya ne a duk faɗin Zango ba ya ba shi girma ko na ƙwayar gero, shi ne Maharazu, taubashinsa. Uwar Maharazu ƙanwar uban Sama'ila ce, tare suka tashi, tare aka yi musu kaciya, kuma kowannensu ya rantse ɗayan bawansa ne. Maharazu manomi ne mai shanun huɗa biyu da yake ji da su. Gidansa na bakin hanyar kasuwa, don haka ba ranar da Sama'ila zai wuce bai sha tsiya ba.

“Gwangwani! Yau kuma wa ka kashe?”

“Ban samu kowa ba, bawana. Ko za ka taimaka mini?”

“Ka wuce da tarkacenka, kana firgita mini shanu.”

“Shanun da suka fi ubangidansu hankali? Ka gaishe mini da su.”

Haka suke tun suna samari har furfura ta fito musu. Matansu sun gaji da rabon faɗan da ba faɗa ba ne.

A shekarar dubu biyu, da aka ƙaddamar da Shari'a, Sama'ila ne ya zagaya da sanarwar hana giya da caca. Caca kuwa ya san ta sarai. A bayan tasha take, ƙarƙashin wata tsamiya: tabarma a shimfiɗe, karta a hannu, maza huɗu ko biyar sun haɗa kai idanunsu jajur, wani ya tashi ba hula ba takalmi. Yana tsaye aka naɗe tabarmin nan aka watsa taron, ya koma ya faɗa wa gari. Tun daga lokacin, idan aka ce caca, hoton da ke zuwa masa ke nan: wuri, da tabarma, da karta, da mutanen da ke kallon juna.

Harkar ƙwallo daga baya ta same shi. Matasa sun kafa gasar da ake yi bayan an gama yankan gero, tsakanin unguwanni da ƙauyuka, a filin makarantar firamare. Ba su da lasifika, sai suka roƙi aron tasa. Ya ce ba ya ba da aron lasifika sai da mai ita. Bai san dokokin wasan ba, ya ɗauki shekara biyu kafin ya gane abin da ake nufi da satar gida, amma ya san kowane ɗan wasa da ubansa da kakansa, kuma ya iya laƙabi. Ba a daɗe ba dattawa suka fara ɗauko buzu suna zuwa fili, ba don ƙwallon ba, don su ji abin da Sama'ila zai ce. Shi ya raɗa wa Munzali, babban ɗan Maharazu, suna Ƙofar Ƙarfe, lokacin da yake tsaron raga. Sunan ya bi shi har bayan ya daina wasa, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya biyu, yana acaɓa da rani, da damina kuma shi ke riƙe garmar ubansa.

Gasar ba ta taɓa wadata ba. Raga igiyar buhu ce aka saƙa, ƙwallo ɗaya ake lallaɓawa, wani lokaci ƙungiya guda sai ta tuɓe riguna don a bambance ta da ɗayar. Shugaban kwamitin, wani malamin makaranta mai ritaya da ake kira Nagoggo, ya gaji da bin gidajen masu hali.

A kakar shekarar dubu biyu da sha takwas wani saurayi mai suna Zailani ya sauka daga Kano a mota mai sanyi. Ya ce wakilin wani kamfani ne da ke son ya ba gasar tallafi. Sunan kamfanin na Turanci ne, bakin mutane ya kasa kama shi, sai suka bi hoton da ke jikin kwalayen suka ce Damisa. Ya buɗe bayan mota: riguna kala takwas da kan damisa a ƙirji, raga sabuwa fil, ƙwallaye, kofi mai ƙyalli, da sabuwar lasifika mai makirufo marar waya. Abin da yake nema kaɗan ne, in ji shi. A lokacin hutun rabin lokaci mai sharhi ya karanta wata 'yar takarda.

Nagoggo ya aika aka kira Sama'ila. Ya karɓi takardar ya sa aka karanta masa sau biyu.

“Yaro, wannan ba caca ba ce kuwa?”

Zailani ya dafe ƙirji. “Subhanallahi, Baba! A ƙasar Shari'a? Hasashe ne. Kai ka san ƙwallo, ka ce wane zai ci wane. In ka canka daidai a ba ka tukuici.”

“To kai ni wurin in gani. Ba na faɗin abin da ban gani ba.”

“Ga wurin nan a hannuna, Baba.”

Ya miƙa masa waya. Sama'ila ya riƙe ta nesa da ido, ya juya ta, ya sake juyawa. Sunayen ƙungiyoyin Turai ne a jere da lambobi a gefe. Ya nemi karta bai gani ba. Ya tambayi inda ake zama, aka ce ba a zama, kowa a ɗakinsa. Ya tambayi wanda ake karawa da shi, Zailani ya yi dariya.

“Baba, caca ai da mutum ake yin ta, ku zauna ka cinye shi ko ya cinye ka, a tashi da gaba. A nan da wa za ka yi gaba? Kai ne da saninka.”

Sama'ila ya bi ƙa'idarsa iyakar yadda ya san ta. Har bayan tasha ya je washegari, ya duba ƙarƙashin tsamiya ko an sake shimfiɗa wani abu. Mai faci ne kawai a wurin. Ya dawo ya ce wa Nagoggo ya duba, bai ga caca ba.

A gida ne aka ja masa birki. Matarsa Talatu, wadda ta shekara ashirin tana soya ƙuli-ƙuli ana kai mata kasuwa, ta ɗaga rigar da aka ba shi ta dubi kan damisar.

“Malam, me ka ce sunan abin? Tallafi ko talla?”

“Tallafi. Kunnenki ya fara nauyi ne?”

“Kunnena lafiya lau. Ni dai na san in na ɗora wa mutum tire na ce ya zagaya yana kiran sunan kayana, ba tallafa masa na yi ba. Me suke sayarwa?”

“Ba sa sayar da komai.”

“To me suke ci?”

Ya ce mata harkar ƙwallo ba ta mata ba ce, ya ɗauki sabon makirufon ya fita gwaji. Wannan hirar tasu ita ce ya fi yawan maimaitawa yanzu idan yana ba da labarin.

Abin da ya ƙara masa nauyi shi ne, bai karanta takardar yadda aka rubuta ba. Hausar cikinta ba ta yi masa daɗi ba, ya ce ba za a ji wannan gurguwar magana daga bakinsa ba. Ya zauna ya gyara ta da kansa, ya sa mata kari irin na kirari. Ranar buɗe gasa, fili ya cika har kan katanga, 'yan wasa sun fito cikin sababbin riguna mutane na ta tafi. Da alƙalin wasa ya busa hutu, Sama'ila ya miƙe.

“Jama'a! Ka san ƙwallo? To saninka ya ciyar da kai! Canki ka ci, Damisa na biya!”

Aka kwashe da dariya da sowa. Wani dattijo daga cikin masu buzu ya ɗaga murya ya ce, “Sama'ila, anya ba caca ba ce?” Shi kuwa makirufo na bakinsa, ya amsa wa dattijon, fili duka ya ji.

“Ba caca ba ce, hasashe ne. Ni Sama'ila na duba.”

Sati shida aka yi ana gasar. Sati shida yana faɗin wannan kirari sau biyu a kowace yamma, Zailani kuma na zaune a inuwa da 'yan takardu yana nuna wa samari yadda za su sa abin a wayoyinsu. Aka ba da kofi, aka naɗe raga, Zailani ya koma Kano. Abin da ya kawo kuwa ya zauna.

Ba a ga komai ba da farko, domin ba abin gani. Ba taro, ba hayaniya, ba wanda ya tashi ba hula. Sai dai a gidan kallon ƙwallo an lura samari sun daina goyon bayan ƙungiya, kowa ya sunkuya kan waya, mutum ya yi ihun murna don an ci ƙungiyar da ya shekara goma yana so. Wani tela ya sayar da kekensa. Wani ɗan tireda ya rufe shago ya ce zai je gaida 'yan uwa. Ana jin waɗannan a rarrabe, ba wanda ya haɗa su.

Munzali na cikin waɗanda suka fara ci. Ya san ƙwallo fiye da kowa a unguwarsu, kuma sau biyu ko uku ya canka daidai, har ya kawo wa uwarsa atamfa. Bayan nan aka ga babur ɗinsa a hannun wani. Ya ce ya ba da gyara. Ana saura 'yan makonni ruwa ya sauka, ranar wata Lahadi da safe, ya kwance shanun huɗar ubansa ya ce zai kai su a duba musu kofato. An gan shi da su a kasuwar Mai'adua. An ga wanda ya saya. Shi ne ba a sake gani ba. Matarsa ta ce kwana uku kafin nan ta yi masa magana, ta ce ya ji tsoron Allah ya bar cacar nan, ya ce mata, “Ke kin fi Baba Sama'ila sani ne? Shi ya ce ya duba.”

Maganar ta zagaya gari kafin ta iso kunnen mai ita. Washegari Sama'ila ya nufi gidan Maharazu a ƙasa, bai hau babur ba. Ya same shi zaune a ƙofar gida kusa da turaku biyu da ba komai a jikinsu. Sama'ila ya tsaya yana jiran zagi. A ransa ya ce da a ce Maharazu ya kira shi gwangwani, ko ya jefe shi da takalmi, da ya san akwai sauran magana. Maharazu ya miƙe tsaye, ya ba shi hannu biyu.

“Malam Sama'ila, barka da asuba. An tashi lafiya? Ya iyali?”

“Maharazu, ni ne fa.”

“Na gani, Malam. A kawo maka tabarma?”

Shekara sittin ba su taɓa gaisawa ba. Sama'ila ya zauna a tabarmar kamar baƙo, ya yi jaje, aka amsa masa da ladabi, aka rako shi har bakin hanya.

Ranar kasuwar da ta biyo baya ya ɗaura tsohuwar lasifikarsa, ya bar sabuwar a gida. Ya bi layi-layi, daga 'yan hatsi zuwa 'yan awaki, yana cewa, “Jama'a, ni Sama'ila na yi kuskure. Abin nan na Damisa caca ce. Na ce na duba, ashe ban san inda ake dubawa ba. Duk wanda ya shiga saboda maganata ya yafe mini ya fita.” Dattawa suka girgiza kai. Wasu mata suka ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Da ya iso bakin tasha, 'yan acaɓa suka haɗa baki suka rera masa, “Canki ka ci, Damisa na biya!” da irin karin muryarsa, suna dariya. Ba da mugunta suka yi ba. Kirarin ne ya yi daɗi, ya zauna a baki, har yara na rera shi a wasa. Tubar kuwa ba ta da kari, sau ɗaya aka ji ta.

Da kaka ta zagayo, Zailani ya sake aiko da kwalaye. Kwamiti ya zauna, Sama'ila ya ce a mayar. Nagoggo bai yi fushi ba, ya yi magana a tsanake, kuma ba ƙarya ya faɗa ba. Ya ce yaran nan kullum suna ganin sunayen irin waɗannan kamfanoni a ƙirjin manyan 'yan wasan Turai a talabijin, ko Zango ta ƙi ko ta karɓa wayar na aljihunsu. Ya ce shekara goma sha biyar yana roƙo, ba mai kuɗin da ya taɓa sayen raga. Ya ce in gasar ta mutu, samarin da ke fili da yamma ina za su koma? Ya ce a karɓi kayan a daina karanta takardar, shi ke nan.

Sama'ila ya ce rigar ma takarda ce. Ya ce, “Malam, ɗan wasan Turai ba ya gaisawa da uban kowa a garin nan. Ni nake gaisawa da su. Yaran da za su sa rigar nan su ma 'ya'yan wasu ne, ƙannensu na kallonsu. Hukuma ta hana tabarma, ta bar mu muna yi wa abin shela a filin makaranta. In da za a tambaye ni, a hana shelar, ko a riga ko a baki. Wanda zai nemi abin ya neme shi da ƙafarsa, kada wanda ya yarda da shi ya kai masa.”

Aka kaɗa ƙuri'a, aka karɓi kayan. Sama'ila ya ajiye musu makirufonsu a kan tebur. An yi gasar shekara biyu da wani mai sharhi, daga baya Damisa ta daina aiko da komai, ta riga ta samu abin da ta zo nema. Yanzu ana buga gasar da ragowar rigunan, kan damisar ya koɗe.

Shelarsa ta gari ba ta tsaya ba, amma ta ragu. Waya ta ɗauke rabin aikin, sauran rabin kuma ya lura idan ya sanar da abu, akan samu mai tambayar na kusa da shi ko ya ji daga wani wuri. Ba ya jin haushi. Ya ce da shi ne ma haka zai yi.

Maharazu ya yi damina biyu yana noma da hauya, ƙarfinsa ya fara ƙarewa, ga jikoki biyu da surukarsa a gidansa. Labarin Munzali kuwa kowa da nasa: wani ya ce an gan shi a wurin haƙar zinariya a Nijar, wani ya ce a Legas yake dako. Wata safiya bayan an kai amfanin gona gida, Maharazu ya yi sallama a zauren Sama'ila. Ya zauna a gefe, ya cire hula ya riƙe.

“Malam Sama'ila, aiki na kawo maka. Cigiya nake so a yi mini.”

Ya faɗi kamannin kamar Sama'ila bai taɓa ganin yaron ba: dogo, baƙi, da tabo a gira ta hagu inda ƙarfen raga ya taɓa fasa masa. Ya ce a faɗa masa maganar shanu ta wuce, uwarsa ba ta da lafiya, ya dawo gida. Sannan ya ciro ladan shela daga aljihu ya ajiye a kan tabarma, abin da bai taɓa yi ba ko a auren 'ya'yansa.

“Haba Maharazu. Ka ɗauke wannan. Ka zage ni mana, ko sau ɗaya.”

“Ai ba a zagin mai aiki, Malam. A yi mini da kyau dai. Yana jin maganarka.”

Ya sa hularsa ya fita.

Tun daga ranar, kowace Lahadi Sama'ila yakan hau babur zuwa Mai'adua, inda motocin Nijar ke sauke mutane suna ɗauka. Yakan tsaya a bakin kasuwar shanu, ya kara hannu a kunne, ya kira Munzali ɗan Maharazu na Zango, ya faɗi tsawonsa da tabonsa, ya roƙi direbobi da fatake su kai saƙon duk inda suka nufa. Wasu kan tsaya su saurara su tambayi shekarun yaron da ya ɓata, idan ya ce magidanci ne mai 'ya'ya biyu sai su dube shi su wuce. Da la'asar yakan biya ta gidan Maharazu ya ce ba a dace ba tukuna. Maharazu yakan miƙe tsaye ya yi masa godiya, ya ce Allah ya saka da alheri, ya tambaye shi ya iyali.